Baffana, Wanda Gari Ya Kira Marigayi Tun Yana Raye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a zauren gidansa da ke Azare. Ya ce wa Inna, matarsa, zai leƙa kasuwa ya karɓo rediyonsa daga wurin mai gyara. Da ta ji ba ta ji ƙarar ƙofa ba sai ta leƙo, ta same shi a jingine da bango, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗaya a waje. Rai ya riga ya yi halinsa.

Wanda ya fara kai labarin tashar mota ya sha dariya. Ya ce da su, "Marigayi ya rasu." Wani direba da ke goge gilashi ya ce, "Karo na nawa ke nan?" Sai da suka ga mutumin bai yi dariyar ba sannan jikinsu ya yi sanyi. Dalili kuwa shi ne, fiye da shekara talatin mutanen garin nan ba su da sunan da suke kiran Baffa sai Marigayi, saboda wani wasan kwaikwayo da ya taɓa fitowa a talabijin. "Marigayi, ina kwana?" "Marigayi, ya iyali?" Shi kuma ya amsa, ya wuce.

A zaman makoki na ga yadda sunan ya riƙa maƙale wa mutane a wuya. Wani tsoho daga Udubo, wanda suka yi makarantar horon malamai tare, ya zo a bayan babur, ya shigo har cikin gida don ya yi wa Inna gaisuwa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Allah ya ji ƙan Marigayi." Kalmar ta fito masa da muryar tsokanar da ya saba, har dariya ta suɓuce masa. Ya yi sauri ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, muka daɗe ba mu gane ko dariyar ce ko kuka ba. Da ya sauke hannun, gemunsa a jiƙe yake.

Wata Bafulatana mai tallan nono daga wajen Gololo ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tun azahar har la'asar, ƙwaryarta a rufe, ba ta yi wa kowa magana ba. Da za ta tafi ta ce wa Inna, a duk layin nan shi kaɗai ne yake tambayarta lafiyar shanu kafin ya tambayi kuɗin nono, kuma da Fulatanci yake tambayar.

Inna kuwa ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Abin da na ji ta faɗa wa Goggo, ƙanwar su Baba, shi ne, "Shekara da shekaru ina jin ana kiran mijina da wannan suna, na ɗauka na saba. Ashe ban saba ba."

Maigidana ya gaya mini cewa a waje Baba, wanda shi ne babba kuma shi ya kamata ya karɓi gaisuwa, ya koma can gefen tabarma ya zauna. Duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya nuna masa 'ya'yan Baffa.

Ina rubuta wannan ne don kada abin da ya rage wa mutane game da Baffa ya zama sunan tsokana kawai. Akwai abin da na sani a kansa wanda ya kamata in faɗa tun yana da rai.

Malamin Hausa ne a sakandare har ya yi ritaya. Dogo ne, siriri, mai manyan kunnuwa, fuskarsa kuma irin wadda ko shiru ya yi sai ka ji kamar ya faɗi abin dariya. Yana da keke, amma ban cika ganinsa a kai ba. Tura shi yake yi, don ya ce kafin ya hau ya sauka gaida mutane gara ya tafi a ƙasa. Kullum akwai guntun alli a aljihunsa. In ya ga allon shago an rubuta "dinki" ko "kofa" sai ya tsaya ya lanƙwasa wa harafin ƙugiyarsa. Wani tela ya taɓa fitowa a fusace ya ce, "Malam, ɗinki nake sayarwa ko harafi?" Baffa ya ce, "Wanda ya bar harafi ba ƙugiya zai bar riga ba maɓalli." Telan ya zama abokinsa har mutuwa.

Yana da wata kalma da ba ta barin bakinsa a wancan zamani. Tuwo ya ƙone, ko ɗalibi ya faɗi jarrabawa, ko ruwan sama ya rushe katanga, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai ba a mutu ba." Ni kuma, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Uwata yake kirana. Yakan durƙusa ya gaishe ni a gaban mutane ina 'yar shekara biyar, in gudu in ɓuya bayan randa.

Wasan da ya jawo masa sunan tsohon wasa ne, wanda aka rubuta tun kafin a haife mu, ana karanta shi a makarantu ana kuma yin sa a dandali. Labarin wani maigida ne da ya yi mutuwar ƙarya don ya ji abin da iyalinsa za su ce a kansa. Yana kwance yana jin su suna faɗa a kan hularsa da gadonsa da jakinsa, kowa yana kuka da ido ɗaya yana auna ɗaki da ɗayan. Da abin ya ishe shi ya so ya tashi, sai ya tarar sun ɗaure shi tamau, ihun kukansu kuma ya hana a ji muryarsa. Haka suka ɗauke shi suka nufi maƙabarta suna gardamar wanda zai riƙe gaba. Mutane kan yi dariya har su riƙe ciki, sai sun kama hanyar gida abin ya fara damunsu.

Baffa ya yi shekaru yana fitowa a matsayin maigidan a ɗakin taron makaranta. Na gani sau biyu. A can, bargo kawai ake lulluɓa masa a kan benci, kuma duk lokacin da iyalin suka juya baya sai ya ɗago kai ya kashe wa 'yan kallo ido ɗaya. Ko yaro ya san wasa ne.

Sai mutanen gidan talabijin suka zo daga Bauchi suka ce suna son ɗaukar wasan. Suka tafi da Baffa mako biyu a lokacin hutu. Ya dawo da sabuwar hula da labarai, amma na tuna ya ce wa Inna akwai abin da bai kwanta masa ba. Mai ba da umarni ya ce bargo da benci kayan makaranta ne, talabijin tana son gaskiya. Aka kawo makara ta sosai da farin likkafani, aka cusa masa auduga a hanci. Aka hana shi kashe ido, wai zai ɓata tsoron. Sannan aka raba wasan kashi huɗu, mako-mako, kashin farko ya ƙare daidai inda kyamara ta matso kan fuskarsa ana jan likkafani ana rufewa. Baffa ya ce ya yi magana sau ɗaya, da aka ce masa bai san aikin ba sai ya yi shiru.

A lokacin ina shekara goma. Kaka, mahaifiyarsu, a garin Katagum take zaune, ba ta son Azare, ta ce hayaniya ta yi yawa. An kawo ta gidanmu ne don a cire mata yanar ido, aka kuma dace. Ranar da aka kwance bandeji ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Takwara, ashe haka kika yi muni ban sani ba?" Tana ta murna, komai ta gani sai ta tambaya.

A layinmu gida ɗaya ne ke da talabijin. Ranar Lahadi da la'asar aka ce za a maimaita kashin farko, wanda ni ban samu gani ba. Baba ya fita, mahaifiyata tana ɗaki da jariri. Na ce, "Kaka, zo ki ga ɗanki a cikin akwati." Ta ce wane irin akwati? Na ce ta zo dai ta gani da sabon idonta. Ni na ɗauko mata mayafi, ni na riƙe hannunta muka tsallaka kwata. Tafiyarta a hankali take, sai muka makara, muka isa saura kaɗan a gama. Aka ba ta kujera a gaba saboda girma.

Ba ta taɓa ganin talabijin ba. Abin da ta gani shi ne ɗanta na ƙarshe a miƙe cikin makara, auduga a hanci, mata suna kururuwa, wani hannu yana jan farin ƙyalle a kan fuskarsa. Ta miƙe tsaye ta kira sunansa na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Yaran da ke ɗakin suka fashe da dariya. Ta juyo ta dube su, ta sake duban akwatin, sai ta tafi ta gefe ɗaya kamar an sare ta.

A asibiti aka ce ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka dawo da ita gida, Baba ya tara mu a tsakar gida. Baba malamin addini ne, mai kaifin harshe, tun farko bai taɓa yarda da wasan ba. Ya ce mutuwa ba abin wasa ba ce, kuma wanda ya sa likkafani yana da rai ya yi wa Ubangijinsa rashin kunya. Ranar muryarsa a ƙasa take, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Wa ya kai ta?"

Ina tsaye bayan Goggo. Na buɗe baki. Kafin sauti ya fito Baffa ya ce, "Ni ne, Yaya. Ni na aiko na ce a kai ta ta gan ni."

Baba ya dube shi ya ce, "Bai ishe ka gari ya gan ka ba, sai uwarka?"

Baffa ya ce, "Na yi kuskure."

"Kuskure," in ji Baba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗuwar ciwo. Kaka ta farfaɗo, maganarta ta dawo kaɗan-kaɗan, amma hankalinta ya tsaya a kan abin da ta gani. Baffa ya shiga ya durƙusa a gabanta ya ce, "Dada, ga ni, lafiyata ƙalau, wasa ne." Ta ƙura masa ido, sannan ta juya fuska bango. Ta ce wa Goggo da karyayyen harshe, "Ku fitar da wannan. Nawa an rufe shi, na gani." Aka yi bayani, aka kawo liman ya yi mata magana, Baffa ya kama hannunta mai lafiya ya ɗora a ƙirjinsa don ta ji bugun zuciya. Ta fizge.

Ta matsa a mai da ita Katagum, aka mai da ita. Duk Juma'a in an tashi makaranta Baffa ya shiga mota ya bi ta. Ba ya shiga ɗakin, don ganinsa yana tayar mata da hankali. Sai ya zauna a bakin ƙofa ta waje, inda ba za ta hango shi ba, yana jin ta tana yi masa addu'ar da ake yi wa matattu. Goggo ta ce wani lokaci yana amsawa da amin a hankali. In ya kawo mata kifi daga bakin kogi, sai a ce maƙwabta ne suka aiko. Wata biyar ana haka, ta rasu farkon damina.

Daga ranar ban sake jin "ai ba a mutu ba" a bakin Baffa ba. Bai sake hawa dandali ba. Gidan talabijin suka aiko masa har sau biyu da wani wasan, ya ce a gaishe su. Amma a gari wasan ya karɓu ƙwarai, an maimaita shi ya fi a ƙirga, sunan kuma ya bi shi. Bai taɓa hana kowa ba. Abu ɗaya na lura: bai taɓa rasa jana'iza a unguwa ba, amma kullum a sahun ƙarshe yake tsayawa, kuma ba ya matsawa bakin kabari. Na tambaye shi dalili bayan na girma. Ya ce, "Uwata, in na matsa gaba wani zai dube ni ya tuna, murmushi ya kuɓuce masa a gaban masu rashi. Gara in tsaya inda ba a ganina."

Tsakaninsa da Baba kuwa, Baba ya san hukuncin ƙaurace wa ɗan'uwa, saboda haka bai daina yi masa sallama ba. Sallamar ce kaɗai. Ranar idi Baffa ya zo ya durƙusa, "Yaya, barka da salla." Baba ya ce, "Barka kadai," ya ci gaba da jan carbi. Baffa ya ɗan zauna, ya tashi. Bikin aure, suna, rashin lafiya, duk haka. Da aka kwantar da Baba a asibiti shekarun baya, Baffa ne ya yi mako uku yana kai kunu da safe, ya miƙa wa mahaifiyata a baranda ya juya.

Sau uku ina yunƙurin faɗin gaskiya. Na farko ina sakandare, na biyu ana gobe ɗaurin aurena. Na uku bayan na haifi 'yata ta fari, na same shi a zaure yana gyaran takardun ɗalibai, na ce, "Baffa, yau zan gaya wa Baba. Na gaji."

Ya ajiye jan biro. Ya ce, "In kin gaya masa Dada za ta dawo?"

Na ce, "Amma kai za ka dawo masa."

Ya ce, "Ke yarinya ce, kin so kakarki ta yi dariya. Ni ne babba, ni na kwanta a makarar, ni na ji a jikina abin bai yi ba na yi shiru. Ban yi wa ubanki ƙarya mai yawa ba." Ya ɗauki biron, sannan ya ƙara da cewa, "Ya saba da rashina. Kada ki koya masa rashinki. In kina ganin girmana ki bar maganar."

Na bar ta. Ina gaya wa kaina biyayya nake yi, amma na san akwai tsoro a ciki, kuma tsoron ya fi yawa.

Bara wasu matasa suka zo suna son sake ɗaukar wasan don wata tashar talabijin. Suka same shi da kyamarori da ladabi, suka roƙe shi ya fito ko da a matsayin maƙwabci ne. Ya sa aka dafa musu shayi, ya ƙi. Amma ya riƙe su har azahar yana gyara musu yadda ake faɗin maganganun, wanda ya nuna mini har lokacin yana da wasan gaba ɗaya a ka. Da za su tafi ya kama hannun shugabansu ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ku. Ku bar mamacin ya buɗe ido tun a farko, mai kallo ya gani. Kuma kada ku yanke a inda aka rufe fuska. Ba ku san wa ke zaune gaban akwatin ba." Yaron ya yi dariya ya ce to, Malam. Ban san ko sun bi ba. Baffa bai kalla ba, ni ma haka.

Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse da la'asar, na sami Baba a ɗakinsa. Ya tsufa ƙwarai a mako ɗaya. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga mayafin har tsallaka kwata. Na ce Baffa bai aiko kowa ba, bai ma san mun tafi ba.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Matar gidan da kuka je ta gaya mini tun washegarin ranar da na tara ku."

Na ce, "Baba, to me ya sa?"

Ya daɗe yana murza carbin ba tare da ya ja ba. Ya ce, "Mahaifiyata ce aka kwantar. Dole in yi fushi da wani, kuma ba zan iya yi da 'yar shekara goma ba. Shi ya miƙo kansa, na karɓa. Daga baya fushin ya tafi, ya bar ni da kunya. Duk sallar da ya zo sai in ce yau zan riƙe hannunsa in ce ya zauna mu ci abinci. Sai in ga ya tashi, in ce bari sai baɗi." Ya ajiye carbin. "Ni ne babba. Na ɗauka shi zai wanke gawata."

Sai ya tambaye ni abin da ban taɓa zato ba. Ya ce ko za a iya samo masa wasan, na asalin, wanda ƙaninsa ya fito. Bai taɓa gani ba, ko sau ɗaya.

Maigidana ya je har Bauchi. Aka ce masa kaset-kaset na wancan zamani wasu an ɗauki wani abu a kansu, wasu zafi da ɗigar ruwa sun lalata su. Muka tambayi tsoffin ɗalibansa da tsohon nan na Udubo. Babu wanda yake da shi. Ko hoto ɗaya ba mu samu ba.

Da na kai wa Baba amsar, ya gyaɗa kai kamar dama ya san haka za a ce. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Ke kin gan shi yana yi a makaranta?"

Na ce, "Sau biyu, Baba."

"Ya iya?"

Na ce, "Ya iya, Baba. Duk garin nan babu kamarsa."

Ya ce, "Tun yana ƙarami haka yake. In Dada ta ɗauko bulala sai ya kwaikwayi tafiyar babanmu, ta yi ta dariya har ta manta laifin." Ya share ido da bayan hannu. "Zauna ki ba ni labarin yadda yake yi. Daga farko."

Na dawo na zauna, na fara.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya ɗauki laifin da ba nasa ba don ya rufa wa yarinya asiri, ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a inda za ta gane shi. Mu da ya bari, ka yafe mana jinkirinmu. Amin.